Za a Yi Min Tiyata Nan da Sati Uku, In Rubuta Wasiyya ko In Bari?

Wani ɗan'uwa ne ya turo tambaya, ɗan kasuwa a Kantin Kwari, shekararsa 47, mata biyu da 'ya'ya tara. Likitoci sun sa masa ranar aikin maƙoƙo nan da sati uku. Yace zuciyarsa nata raya masa ya rubuta wasiyya, amma da ya taɓa wa uwargida zancen sai ta fashe da kuka tace mugun fata yake wa kansa, wani abokinsa kuma yace masa ai wannan raunin tawakkali ne tunda likitan ma yace aikin ba wani babba bane. Yana tambaya ya rubuta ko ya bari.

Alhaji ka rubuta. Kuma a cikin satin nan, tun kana zuwa kasuwa da ƙafarka, kar ka bari sai an kwantar da kai. Ni lauya ne, galibin aikina a kotunan shari'ar Musulunci yake kan rabon gado, kuma wallahi mafi yawan rigimar da nake gani tana raba 'yan uba ba a kan lissafin kaso take ba, wannan Allah ya riga ya gama shi a Suratun Nisa'i, kowane alƙali zai fitar maka da shi cikin awa ɗaya. Rigimar a kan abubuwan da mamacin kaɗai ya sani take, wa yake binsa, wa yake bi, shagon nan nasa ne shi kaɗai ko da kuɗin ƙaninsa a ciki, filin da ke bayan gari ya sayar ko jingina ya bayar. Abinda takarda shafi biyu zata kashe sai kaga an shekara uku ana zarya a kotu.

Maganar tawakkali da abokinka ya kawo, ka tuna masa hadisin Abdullahi ɗan Umar da ke cikin Muwaɗɗa da Bukhari da Muslim, Annabi (SAW) yace bai kamaci Musulmin da yake da abinda zai yi wasiyya a kai ya kwana biyu ba face wasiyyarsa na rubuce a wurinsa. Babu zancen ciwo a hadisin ma, mai lafiya ake wa magana. Ɗan Umar yace tun da ya ji wannan bai ƙara kwana ba tare da tasa ba. Toh wa zai ce ya fi ɗan Umar tawakkali? Ita kuma Hajiya a bata labarin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas. A shekarar Hajjin Bankwana ya kwanta ciwo a Makka har ya fidda rai, a lokacin 'ya ɗaya gareshi, ya tambayi Annabi (SAW) ko ya bada kashi biyu cikin uku na dukiyarsa, aka ce a'a, yace rabi, aka ce a'a, aka tsaya a sulusi, wato kashi ɗaya cikin uku, aka ce masa sulusin ma da yawa, ka bar magadanka da wadata ya fi ka barsu suna roƙon mutane. Sa'adu ya warke, shi ya jagoranci yaƙin Ƙadisiyya, ya haifi 'ya'ya da yawa, bai rasu ba sai wajen shekara ta 55 bayan hijira, kusan shekara 45 kenan bayan waccan magana. Wasiyya bata matso da ajali ko da minti ɗaya.

Kuma ba wai don aikin yana da haɗari sosai nake cewa ka rubuta ba. Akwai wani babban bincike da aka wallafa a mujallar Lancet a 2018, an bi marasa lafiya sama da 11,000 da aka yi wa tiyata a asibitoci 247 cikin ƙasashen Afirka 25. A cikin waɗanda aikinsu shiryayye ne irin naka, ba na gaggawa ba, wajen mutum 1 cikin 100 ne ya rasu, kaga 99 sun koma gida kenan. Amma adadin ya ninka matsakaicin na duniya, kuma kusan duk mutuwar ba a kan teburin aiki ta faru ba, a kwanakin bayan aikin ne, a ɗakin jinya. Shi yasa nake cewa mutane in zasu yi shiri suyi shi da tunanin sati biyu ukun da zasu biyo baya, ba ranar aikin kaɗai ba. Lissafin naka haɗarin na kanka kuwa likitan fiɗarka da likitan da zai maka allurar barci su zasu faɗa maka gwargwadon hawan jininka da suga da zuciya, ka tambayesu kai tsaye, haƙƙinka ne su maka bayani kafin ka sa hannu a fom ɗin amincewa.

Yanzu me zaka rubuta. Yawancin mutanenmu da sun ji wasiyya sai tunaninsu ya tafi kan a ba wane gida a ba wance mota, alhali wannan ɓangaren shine mafi ƙanƙanta kuma a wajen mafi yawan malamai mustahabbi ne kawai. Wanda yake wajibi shine haƙƙin mutane da ke kanka wanda in ka yi shiru zai salwanta. Kai ɗan Kwari ne ka fi ni sani, rabin cinikin kasuwar nan da baki ake yinsa. Dila nawa ka karɓa bashi baka gama biya ba, wa ya baka kuɗi kana juya masa ana raba riba, adashen da ka riga ka kwasa saura zubi nawa, kuɗin marayun yayanka da ke hannunka, ajiyar da wata gwaggo ta kawo tun shekaru tace kar ka faɗa wa kowa. Duk ka zauna da littafinka da wayarka ka fitar da su da suna da adadi da lambar wayar mai shi. Annabi (SAW) yace ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa, kuma tsarin da ake bi a kotu kenan, a fara da hidimar jana'iza, a biya bashi ko da zai cinye dukiyar duka, sannan wasiyya daga sulusin abinda ya rage, sannan magada. Bayan wannan sai ka juya ka rubuta waɗanda kake bi, yaran da ka ba kaya, kwastomomin ƙauye, don wannan kuɗin marayunka ne in ta Allah ta kasance, kuma na sha ganin mutumin kirki ma in ba a tambayeshi ba sai yayi gum.

Anan ne nake son Hajiya ta saurara da kyau, domin takardar nan ita take karewa kafin kowa. Mata da yawa gadon da suka ci na iyayensu ko kuɗin gwal ɗinsu ko na adashensu yana cikin jarin miji, ba rubutu ba shaida saboda ai miji ne. Ranar da aka rasa shi tace ina da miliyan kaza a shago, 'ya'yan ɗaya ɗakin da 'yan'uwan miji suce ta kawo shaidu, bata da su, shikenan kuɗinta ya shiga rabo ta koma tana raba tumunin takaba da abokiyar zamanta. Haka sauran sadaki in akwai wanda ba a cika ba. Kuma akwai dalili na fiƙihu da yasa nace kayi yanzu, a mazhabar Malikiyya da kotunanmu suke hukunci da ita, in mutum yana cikin ciwon ajali yayi iƙirarin cewa wani magajinsa na binsa bashi, ana iya ƙin karɓa in akwai tuhumar so yake ya fifita shi. Wanda yayi iƙirarin yana lafiya lau a gaban shaidu kuwa maganarsa ta zauna.

Akwai kuma haƙƙin Allah na dukiya. Zakkar shekarun baya da ka san baka fitar daidai ba, kaffarar rantsuwa, in kana son a maka aikin hajji. A Malikiyya irin waɗannan in baka yi wasiyya da su ba ba a tilasta wa magada su fitar, in kayi kuma daga sulusi suke fita. Gara ma in da hali ka biya zakkar yanzu da hannunka ka huta.

Sai ɓangaren kyautatawa, wanda ƙa'idojinsa biyu ne da ko a Risala ta Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaure an kawo su, ba ya wuce sulusi, kuma babu wasiyya ga mai gado. In ka wuce sulusi ko ka ba magaji, abin ya rataya ne kan yardar sauran magada, kuma yaro ƙarami ba wanda zai yafe haƙƙinsa a madadinsa, kai kuwa a cikin tara ɗin nan na tabbata akwai ƙanana. Sulusin kuma ana lissafa shi ne bayan an cire bashi. Misali an tattara komai ya kama miliyan 30, jana'iza da basussuka suka ci miliyan 6, saura 24, toh iyakar wasiyyarka miliyan 8. Wa ya kamata ya samu? Ni a ganina kafin a kai ga gina masallaci na biyar a layi ɗaya a fara duba cikin gida. Ɗan riƙon da ya tashi a hannunka yana maka kallon uba amma ba ya gadonka. Agola. Ƙanwarka bazawara da kake ciyarwa, wadda 'ya'yanka maza zasu katange ta. Tsohon yaron shagonka da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a wajenka. Wanda ya fi ci min rai kuma jikokin da ubansu ya riga kakansu rasuwa, baffanninsu sun katange su basu da ko sisi, a Masar tun 1946 doka ta wajabta musu kaso daga sulusi, mu a nan sai in kakan ya rubuta da kansa, in bai rubuta ba sai dai tausayin baffanni. In kana da irinsu dan Allah ka sa su a gaba.

Wani kuskure da ake yawan yi gab da shiga tiyata shine mutum ya tsorata ya fara rabon kyauta da baki, gidan Hotoro na Hajiya ne, shago na babban ɗana ne. Kyauta daban wasiyya daban. Kyauta bata tabbata sai wanda aka ba ya karɓe ta ta koma hannunsa tun mai bayarwa na da rai da lafiya, abinda malamai ke kira hauzi. Malikiyya ma sun ce in miji ya ba matarsa kyautar gidan da suke zaune a ciki kuma ya ci gaba da zama a ciki har ya rasu, hauzi bai samu ba, gidan ya koma gado. Sannan kyautar da aka yi cikin ciwon da likitoci suka san ana yawan mutuwa da shi hukuncin wasiyya take ɗauka in mutum ya rasu a ciwon, wato sulusi, kuma ba ga magaji ba. Maƙoƙon da kake yawo da shi kana cinikinka bai kai nan ba, amma wanda ke kwance da ciwon daji da yayi nisa ko ciwon ƙoda mai tsanani lissafinsa daban ne. Mata masu jiran a musu aiki a ciro jariri su ma su sani, Imamu Malik a Muwaɗɗa ya sa mai cikin da ya kai wata shida a layi ɗaya da mara lafiya wajen kyautar da dukiya, iyakarta sulusi. Mace ma tana da cikakken ikon yin wasiyya a dukiyarta, ba sai da izinin miji ba, kuma mata sun fi kowa riƙe adashe da ajiyar mutane a ka. Ban da wannan duka, fifita wani ɗa da kyauta a bar sauran abu ne da Annabi (SAW) ya ƙi yin shaida a kansa a hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, kai da kake da ɗaki biyu ka kiyayi wannan sosai.

Yadda za a rubuta ba wani wahala. Da Hausa ma ya isa, boko ko ajami. Sunanka cikakke, kwanan wata, ka faɗi cewa kana cikin hankalinka ba wanda ya tilasta ka, ka jero dukiyarka da inda takardun kowanne suke, musamman filayen da aka saya da takardar mai unguwa kawai, ka jero bankuna har da su OPay da Moniepoint da ake mantawa da su, sai basussuka, sai wasiyyar sulusi, ka rufe da cewa sauran a raba bisa shari'ar Musulunci. Amma abinda ya fi rubutun kansa muhimmanci shine shaidu. A Mukhtasar na Khalil, littafin fiƙihun Malikiyya, an faɗa ƙarara, ko an tabbatar rubutun hannun mamaci ne, in bai kafa shaidu a kai ba kuma bai ce a zartar ba, ba a zartarwa, saboda ana iya cewa tunani yake bai yanke shawara ba. Kenan takardar da aka tsinta a ƙarƙashin katifa bata wadatar. Ka samu maza biyu adilai waɗanda ba magada ba kuma ba a basu komai a ciki ba, liman da wani dattijon kasuwa misali, zai fi kyau ɗaya ya kasance bai kai ka shekaru ba, ka sa hannu a gabansu su biyun a zama ɗaya su ma su sa. Kayi kwafi, ɗaya wajen lauya ko wani amintacce, ɗaya wajenka, kuma iyali su san akwai ta da inda take ko da basu san abinda ke ciki ba. Bidiyo a waya kana karantawa yana ƙara ƙarfi amma baya maye gurbin shaidu.

Ka lura da lafazi ɗaya. In ka rubuta "idan na mutu a wannan aikin" ka ɗaure wasiyyar da sharaɗi, in ka tashi lafiya sai a shiga taƙaddama daga baya kan ko tana nan ko ta faɗi, malamai ma sun yi dogon bayani kan ko ka karɓo takardar daga inda ka ajiye ko baka karɓo ba. Kawai ka rubuta "duk lokacin da Allah ya karɓi raina". Ai kana da ikon canza ta ko yaga ta duk ranar da ka ga dama muddin kana raye.

Ta fuskar dokar ƙasa kuma, wasu suna zuwa wajen lauya suce a rubuta musu irin ta Turawa su raba yadda suke so. A shari'ar Adesubokan da Yunusa a 1971 Kotun Ƙoli ta yarda da wasiyyar Musulmi da aka yi ƙarƙashin dokar Ingila ta 1837 duk da ta saɓa wa rabon Musulunci, amma daga baya jihohi irin su Kaduna da Kwara suka yi nasu dokokin da suka toshe wannan ƙofa, kuma a shari'ar Ajibaiye a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe wasiyyar wani Musulmi a Kwara saboda ta saɓa wa shari'a. Toh ka tsaya cikin iyakar sulusi ka zauna lafiya da kotu da kuma lahirarka. 'Yan'uwanmu Hausawa Kirista da zasu karanta wannan, ku taku ƙa'idar ita ce rubutu da sa hannu gaban shaidu biyu a lokaci guda, kuma wanda yayi shaida ko matarsa ko mijinta ya rasa duk abinda aka bashi a ciki, bukatarku ga wasiyya ma ta fi tamu tunda babu kason da aka yanka muku a aya.

Mutane da yawa kuma sun ɗauka sunan da suka rubuta a fom ɗin banki ko na wajen aiki a matsayin makusanci shine zai kwashi kuɗin. Ba haka bane, wannan wanda za a nema ne kawai in wani abu ya faru, banki da kamfanin fansho sai sun ga takardar kotu kafin su saki kuɗi, kuma kuɗin na magada ne duka. Haka wanda ka ba katin ATM da lambar sirri, daga lokacin da rai yayi halinsa wakilcinsa ya ƙare, duk abinda ya cira ya taɓa dukiyar marayu. Don haka kar ka dogara da wannan, ka ware kuɗin cefanen wata biyu ko uku ka damƙa wa kowace a hannunta tun yanzu.

Wannan ya kawo ni kan abinda ya fi yiwuwa ya faru, wato ka fito lafiya amma kayi kwanaki baka iya magana sosai ko zuwa kasuwa ba, aikin wuya ne dama, murya kan dushe na ɗan lokaci. Ka naɗa wakili a rubuce wanda zai riƙe shago, ka faɗi iyakar abinda zai iya yi, ya sayar ya karɓi kuɗi amma kar ya ci sabon bashi da sunanka misali. Ka kuma faɗa wa likita mutum ɗaya tak da za a tuntuɓa in ana bukatar yanke shawara kana cikin barcin allura, ƙarin jini ko faɗaɗa aikin, don kar a tsaya a baranda uwargida da amarya da yayanka kowa na faɗin nasa lokaci na tafiya. A cikin wasiyyar kuma ka ambaci wasiyyi, wanda zai zartar da ita ya kuma kula da dukiyar ƙananan yara har su yi hankali, uba yana da wannan ikon, kuma mace ma tana iya zama, in ka san uwar yaran ta fi kowa riƙon amana ba abinda ya hana ka naɗa ta. Ka tambayi mutum ya amince kafin ka rubuta sunansa.

Dalilin da yasa na dage kan satin nan, in aka bari sai daren aiki ko safiyarsa, an riga an fara baka magunguna, hankali a tashe, duk wanda wasiyyar bata masa daɗi ba abu na farko da zai ce a kotu shine baka cikin hayyacinka, kuma nas da likita ba aikinsu bane zama shaidun wasiyya, bai kamata a ɗora musu ba. Ita kuma Hajiya kar ka sake kawo mata zancen da sunan mutuwa, ka zaunar da su su biyun kace lissafin bashi da ajiyar mutane kake, kowacce ta faɗi abinda take binka a rubuta a gaban 'yar'uwarta, zaka ga kukan ya ragu. In ka warware ka dawo da takardar a sake dubawa, a goge bashin da aka biya a ƙara sabo, haka duk shekara, lokacin da kake lissafin zakka ya fi sauƙi tunda littattafan na buɗe. Allah ya sa a yi aikin a sa'a, ya tashi kafaɗunka.